Tikitin Ɗan Fari

Hindawiyya, Jidda
Farkon Shawwal

Zuwa ga Yaya Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Mahmudu da yara. Ya ƙafar taki? An yi sallah lafiya? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Latifatu da Layan suna gaishe ki. Na san kin fi son saƙon murya, amma ni in na buɗe baki a waya magana harɗe mini take yi, shi ya sa na rubuta. Zan ɗauki hoton takardar in turo miki.

Maganar hutu ce. Daga siton da nake aiki a tashar jiragen ruwa ana hango manyan fararen jiragen nan na shaƙatawa, masu kai mutane tsibirai su dawo da su. Tun da Latifatu ta ga hotonsu a wayata take cewa ita ma sai ta kwana a tsibiri kafin ta tsufa. Na ce mata ai Sawakin ma tsibiri ce, ga kuma yayata a bakin tsibirin. Ta ce tsibirin kangaye da maguna. Amma dai ta yarda. Mun tsai da shawara za mu shigo jirgin ruwan Sawakin bayan babbar sallah, mu huɗu, mu yi mako biyu a wurinku.

Na je ofishin tikiti. Iri biyu suke sayarwa, na zuwa kawai, da na zuwa da dawowa. Bambancin kuɗin ba shi ne damuwata ba. Namu mu uku a fili yake. Na ɗanki, ɗan farinmu, shi ne ya tsai da ni.

Kin san ya gama makaranta, ya kuma kai shekarun da ba zai ci gaba da zama a kan iƙamata, wato katin zamana a ƙasar, ba. Abdulmohsen, mai shagon kayan mota a unguwar Bani Malik, ya ce zai ɗauke shi aiki ya zame masa kafili, wato zamansa ya koma kan sunansa, aikin kuma ba laifi. Na ɗauka magana ta ƙare. To ranar da aka yi zancen tafiyar muna cin abinci, sai ya ce, ko kai bai ɗago ba, shi dai yana so ya koma. Ko kuwa ya komo ya ce. A littafina na kullum "koma" na rubuta, amma da na sake dubawa washegari ban amince da kunnena ba. Fanka tana ƙara, bakinsa kuma da shinkafa.

Ke ma kin san Hausarsa. Yana ji sarai, amma wajen faɗa har yau "shi" yake ce wa ƙanwarsa. Ta yaya mutum zai koma inda bai taɓa zuwa ba? A nan aka haife shi, Sudan a bangon fasfo kawai ya san ta. Amma kuma me zai sa ya ce yana so ya komo, alhali babu wanda ya ce masa kada ya komo?

Ban sayi ko ɗaya ba tukuna. Ki gai da mutanen gida.

Ƙaninki,
Salihu

Hindawiyya, Jidda
Ƙarshen Shawwal

Zuwa ga Yaya Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun yini lafiya, kuma maganin da na aiko ya iso. Na saurari saƙonki, har dariyar da kika yi mini a ƙarshe. Kin ce in kira shi in tambaye shi mana. Yaya, ke ce 'yar fari a gidanmu. Baba har ya rasu bai kira sunanki ba, in zai aike ki sai ya yi wa bango magana ke kuma ki tashi. Ni ma haka na tsinci kaina da yaron nan. Ban zaɓa ba, kuma ban ce daidai ne ba. Shekara ashirin ke nan abin da ke tsakanina da shi bai wuce an yi sallah, an ci abinci, a kashe fitila.

Abin da nake gudu shi ne tikitin zai yi magana a madadina. In na sayo na zuwa da dawowa, zai ɗauka umarni ne, kuma zai dawo ko da ba ya so, don bai taɓa musa mini ba. In na sayo na zuwa kawai, alhali komowa yake nufi, zai ɗauka na gaji da shi ne. Sannan shi na zuwa kawai da bizar fita ta ƙarshe yake tafiya, wadda a nan ake ce wa niha'i. Wanda ya fita da ita, shigowarsa sai an sake komai daga tushe, in ma an samu.

Na nemi Latifatu ta tambaye shi. Ta ce ita da ta haife shi ai ta fi ni kunyarsa, ta ci gaba da yankan albasa. Sai na aiki ƙanwarsa Layan. Ta ce, "Baba, kai da Mus'ab kamar ofis biyu ne a bene ɗaya, sai an sami masinja." Ta dai je. Da Larabci suke magana su biyu, ta dawo ta ce ya ce yana so ya "arja'". Na ce arja' ina? Ta ce arja' dai, Baba, halas, wato shi ke nan, ta ɗauki wayarta. Sai a lokacin na lura kalmar nan ɗaya ce a Larabci, ko can mutum ya nufa ko nan. Shekaruna a ƙasar nan sun fi rabin rayuwata, ban taɓa kula da haka ba.

Tun daga nan nake lura da shi. Ya sayi sabon takalmi irin na masu tsayuwa a shago, na ce to zama zai yi. Sai kuma na ji yana tambayar Layan ko Malam Mahmudu har yanzu yana gyaran injinan kwalekwale. Ya je ya gai da Abdulmohsen. Ya kuma ba wa ɗan maƙwabta kekensa kyauta. Duk abin da na ɗora a wannan gefe sai wani ya faɗo a wancan. Wataƙila ma ni ne nake ganin abin da babu.

Mai ofishin ya ce ɗakunan jirgi na bayan sallah suna ƙarewa. Ki sa mu a addu'a, ki gai da Malam.

Ƙaninki,
Salihu

Hindawiyya, Jidda
Zulƙida

Zuwa ga Yaya Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan alheri, ke da iyali baki ɗaya. Mu muna lafiya. An sayi tikiti.

Ranar Asabar na ce wa Layan ta gaya masa ya raka ni ofishin. Niyyata in yi maganar a mota. Muka tafi har muka isa, abin da na iya cewa kawai shi ne an canja hanyar tashar. Ya ce e, an canja.

Mai ofishin ya rubuta namu uku, sannan ya ɗaga fasfo na huɗu ya ce wannan fa, zuwa kawai ko da dawowa? Akwai mutane a bayanmu, wani yana cewa yalla, ya Hajji, a yi sauri. Na juya na kira shi da sunansa. Na nuna ƙasa, na nuna wajen teku, na ce nan ko can. Ya dube ni, ina jin sunan ne ya ba shi mamaki. Sannan ya ce can.

A hanyar dawowa ya yi magana mai tsawo da Larabci, yana kallon titi. Ya ce tun yana ƙarami ya san duk shekara sai an sabunta zamansa, kamar gidan haya. Ya ce ba ya ƙin Jidda, bai ma san wani gari ba, amma yana so ya ga yadda ake kwana a inda ba a tambayar mutum kati. Takalmin kuwa na tafiya ne. Daga ƙarshe ya ce in na ce ya zauna, halas, zai zauna.

Ban ce ba. Na auna a raina har muka shigo unguwa, ban sami dalilin da ya wuce cewa ina so in riƙa jin motsinsa a ɗaki ba, wannan kuma ban ga ya isa dalili ba. Mai yiwuwa na yi kuskure. Da muka iso gida ni da kaina na nema masa bizar fita ta ƙarshe a wayata, tunda a kan sunana yake. Latifatu kuwa sai ta fito masa da babban akwati maimakon ƙaramin. Na je na ba Abdulmohsen haƙuri, ya ce Allah ya sa albarka.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Ki yi wa Malam Mahmudu magana ko zai ɗauke shi a wajen injinan, hannunsa yana da kyau. Ba ya cin kuɓewa, amma in an zuba masa zai cinye bai faɗa ba, sai ki lura. In yara sun yi wa Hausarsa dariya ki ƙyale su, ta haka zai koya. Latifatu kuma har yanzu tana son a kai ta cikin tsibirin ta ga kangayen, a samo mata mai rakiya.

Jirginmu zai iso da hantsi, zan sanar da ke ranar. Ki tanadi katifa huɗu. In mun taso, uku kawai za ki naɗe.

Ki gai da kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Salihu