Keken Malami Ya Yi Kaɗan

Kulu,

Salamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nike nan Dubai, shagon kekuna bai kashe ni ba tukuna.

Keken ɗanmu Malami ya haɗu. Firam ɗin kabon, wato gangar jikin keken, na sayo ta intanet, mai araha, marar nauyi kamar karatuna. Wata bakwai ina haɗa shi. Sai jiya kinka turo hoto, na ga yaro ya wuce zanen tsawonshi na bangon zaure da taƙi biyu. Da wannan zanen na auna, Kulu, na shekara huɗu baya. Kabon kuwa ba a yi mashi walda, balle ƙari.

Kada ki gaya mashi. Ki sake auna mani shi, amma kada ki goge tsohon zanen.

Allah shi tsare ku.

Mijinki gwanin awo,
Lawali