Kabad ɗin Baba

Kuala Lumpur,
9 ga Maris, 2006

Yaya Barira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya yaran? Ni lafiya lau, sai dai malamin da ke duba kundin digirina ya sake dawo mini da babi na uku, don haka dawowata bana da wuya. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Babin duk a kan kalma ɗaya ne. Mutanen nan suna ce wa kabad almari. A bakin 'yan Fotugal suka tsince ta, kuma Faransawa da Italiyawa da 'yan Sifen kowa da yadda yake furta ta. Asalinta Latin ce, tana nufin ma'ajiyar makamai da kayan aiki. Tufafi daga baya suka shigo.

Ƙaninmu Ado ya ce za ku sayar da kabad ɗin da marigayi Baba yake ajiye zarto da gudumarsa, wai ya tare ɗaki. Don Allah ku dakata. Shekara biyu ina bin asalin kabad ɗin Turawa, na Baba kuwa ko sau ɗaya ban taɓa buɗe shi ba.

Allah ya jiƙansa. Ki ajiye mini makullin.

Ƙaninki,
Zulkiflu