Ƴan Meyo na Saman Bene

Guangzhou, Nuwamba 1998

Zuwa ga Lauratu, hasken idona, sanyin randata, inuwar da nake gudu in fake in rana ta take,

Sallama daga mijinki wanda bakinsa ya ƙi rufuwa. Lauratu, na same su! Ranar da kika ɗaure kayanki kika koma gidan Baba, kin ce kin gaji da rantsuwata, in je in nemo waɗanda suka san ciwon giya su riƙe ni. Na ce a ina, a ƙasar Sin? Ashe suna saman kaina duk lokacin da nake cin tuwo.

Bari ki sha dariya, ke da dariya ba ta yi miki wuya. Na yi cigiya a ɓoye har na gaji. Wa zan tara a titin Zhanxi Lu ana tsakiyar cinikin takalma in ce masa ni, Alhaji Ghali, kwalba ta fi ƙarfina? Ran wata Laraba da la'asar zuciya ta ci ni, na shiga gidan abincin Hajiya Saffana ƴar Maraɗi, nan unguwar Dengfeng, na sunkuya na raɗa mata ko akwai mai sanyi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce meyo, wato babu, kalmar da kowane mai shago a garin nan ke jefa maka, sannan ta nuna mini bene da haɓa. Gogan naki ya ce a ransa, to, ƙasa babu, sama akwai, ɓoyewa ake yi! Na haye matakala har ina tuntuɓe.

Ina tura ƙofa sai ga maza a kan tabarma sun kewaye butar shayi: ƴan Kano, ƴan Yamai, har da wani ɗan Kumasi. Ashe sunan zaman nasu ke nan, Meyo, kuma can Hajiya ta aika ni! Babbansu Ma'azu, mai sarin riguna a kasuwar Shisanhang, ya ce in zauna, shi ma giya ya hawo nema ranar farko. Suka kwashe da dariya, ni kuma ƙato da ni na fashe da kuka. Ba wanda ya yi mini wa'azi, ba wanda ya kira ni mashayi. Kowa ya faɗi sunansa da abin da kwalba ta cinye masa, ya rufe da cewa yau dai meyo. Yau kawai suke ɗauka, gobe sai ta zo.

Kin san inda ake kayar da ni, wajen liyafar masu masana'anta, inda laoban, wato maigidan, zai ɗaga kofi ya ce ganbe, wato a shanye, in ka ƙi shanyewa kamar ka zagi ubansa. To ƙa'idar ƴan Meyo, ba a zuwa irin wannan cin abinci kai kaɗai. Shekaranjiya Ma'azu ya raka ni. Ya ce in riga laoban ɗaga kofi, na shayi, da hannu biyu, in yi masa kirari. Haka na yi, gumi na bin bayana. Mutumin ya yi dariya har haƙorin gwal ya fito, ya sha nasa, na sha nawa, ciniki ya faɗa! Na fito titi da ƙafafuna daidai, ina ce wa duk mai keke nihaw, wato sannu, kamar sabon taɓaɓɓe. Haba, ashe haka iska take da daɗi?

Wa na fara tunawa in ba ke ba, zumata, tauraruwar asubata? Kin tuna ranar da na kawo samfurin takalma, duk ƙafar hagu, don ɗaiɗai ake ba da samfur, kika zura biyu kika zagaye tsakar gida kina tafiyar agwagwa, kina cewa yayin Caina ne? Wannan dariyar ni na kashe ta a gidana, kuma ita nake so in ji ta dawo. Ina kewarki, Lauratu, kewar da ke hana ni haɗiyar abinci.

Ban ce na warke ba. Akwai yammacin da maƙogwarona ke ƙuna, sai in hau benen nan in zauna har ta lafa. Kuma ina tsoro, tsoron ki karanta ki ce daɗin bakin Ghali ne. Shi ya sa ba na roƙon ki dawo saboda takarda. Zan sauka Kano kafin azumi in Allah ya yarda, daga filin jirgi sai zauren Baba. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki aiko kowa, ki fito da kanki. Ba zan ci goro ba, ba zan shafa turare ba. Ki matso kusa ki shaƙi numfashina, sannan ki yanke hukunci.

Naki ne ni, ko kin fito ko kin bar ni a zaure, har ranar da za a ɗauke ni a makara,

Ghali