Layin fensir a bangon kicin

Laraba, 18 ga Maris, 2020

Yau aka kulle garin. Unguwarmu Setapak, a nan ƙasar waje, tsit, ko ƙarar babur babu. Daga ni sai Fatiha a gidan, Abbanta yana can wani tsibiri a gefen Maroko wanda dutse mai aman wuta ya haifar. Sati biyu ya ce zai yi. Wai akwai wani kogo da mutanen dā suka sassaƙa, suka huda masa 'yar taga a sama. Daga ranar da dare da yini suka yi daidai, hasken safe yake shiga ya riƙa tafiya a kan zanen bango, da shi suke gane lokacin shuka. A kan wannan yake digirinsa na uku. Na ce masa tsofaffin Bichi sun san lokacin shuka ba tare da sun huda dutse ba. Dariya ya yi ya ja akwatinsa.

Juma'a, 20 ga Maris

Ranar da ya je dominta ke nan. Su ma an kulle su, an datse wa kogon kwaɗo. Hasken ya shiga abinsa, babu mai kallo. Haushi kamar in mutu, shi kuwa ko a jikinsa.

Gidan da ya kama haya ma kogo ne, har da firiji. Na ce to sai ka kwanta irin na samarin da muke karanta labarinsu ran Juma'a, in ka farka an gama annoba.

Ya ce, "Hure, gobe da safe ki duba inda rana take faɗowa ta hujin bulon kicin, ki ja layi. Za ta yi ta matsawa har Yuni, sannan ta juyo. Kafin ta dawo kan layinki ina gida."

Na ce ni ba 'yar kogo ba ce, kuma mai gidan nan ba ya wasa da bangonsa.

Asabar, 21 ga Maris

Na ja. Ƙarami, da fensirin Fatiha. Ban gaya masa ba.

Juma'a, 24 ga Afrilu

Azumin farko. An sake soke jirginsa. Hasken ya bar layin da kusan taƙi guda, ya nufi wajen kwandon albasa. Wato gaskiyarsa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Fatiha ta ƙi amsa masa da Hausa. "Abba, when are you coming out of the cave?" Ya ce saura kaɗan.

Alhamis, 7 ga Mayu

Tari yake. Ya ce sanyin dutse ne kawai.

Talata, 12 ga Mayu

An saukar da shi asibiti a bakin teku. Ba ya iya magana mai tsawo. Abin da ya iya tambaya shi ne ko na ja layin. Na ce ina da aikin yi. Ban san me ya sa na faɗi haka ba, wallahi ban sani ba.

Asabar, 16 ga Mayu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Talata, 19 ga Mayu

Wani bawan Allah ɗan Maroko, Abdulwahidu, ya kira da guntun Turancinsa. Su biyar suka yi masa sallah. An binne shi, ba a ƙona ba, ya maimaita min har sai da na ce na ji. Na tambaye shi alƙibla, ya ce in kwantar da hankalina.

Ni na ce masa ya kwanta ya yi dogon barci. Da bakina.

Na toshe hujin da kwalin madara.

Lahadi, 24 ga Mayu

Sallah. Anti Bashira maƙwabciyarmu ta hawan ƙasa ta rataye mana shinkafa a ƙofa, ta koma can bakin bene da takunkuminta. "Maman Fatiha, ki daure ki makan wani abu lah, ko don yarinyar nan." Wato in ci abinci, da yaren ƙasar nan. Gaisuwar mutuwar ke nan gaba ɗaya. Da a gida ne da tsakar gida ba masaka tsinke, a nan kuwa waya ce take ta ƙara, kowa yana cewa in yi haƙuri kada in fita, takaba nake. In fita ina?

Lahadi, 21 ga Yuni

Yau ya ce rana take juyowa. Ta juyo ko kada ta juyo.

Laraba, 5 ga Agusta

An buɗe gari, mutane sun koma shagunan abinci na mamak suna shan shayi, ni ina ciki. Makarantarsa ta aiko cewa zamanmu a ƙasar nan ya ƙare tunda ɗalibin babu. Ba na jin komai, ko kukan ma ya daina zuwa. Kwamfutarsa cike take da hotunan kogon da wasu suka ɗauka, babu nasa ko ɗaya. Mutanen da suka huda dutsen sun ƙare ƙaf, ba a ma san sunan mutum ɗaya a cikinsu ba, rana kuma ba ta fasa shiga ba. Ban ga abin sha'awa a nan ba.

Litinin, 21 ga Satumba

Jiya na fita takaba. Anti Bashira ta kawo min lalle daga kasuwar Masjid India, yana nan a leda. An samo mana jirgi wata mai zuwa.

Mai gidan da muke haya ya zo duba ɗaki, ya ce zai turo mai fenti gobe. Na ce boleh, wato ya turo.

Talata, 22 ga Satumba

Na cire kwalin, don mai fenti ne kawai, kada ya ce mun ɓata musu bulo. Ina wanke kofi sai ga hasken ya faɗo. Daidai kan layin, ko kaucewa bai yi ba.

Na ce, "Na ja fa. Tun washegari na ja." A fili na faɗa, har Fatiha ta leƙo tana tambayar da wa nake.

Mai fenti ya buga ƙofa, na ce ya fara da falo, kicin sai mun tashi.

Fensirin ya dakushe. In tuna in feƙe shi kafin gobe da safe.