Hular da na ƙi cirewa

Zuwa ga Hajiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima, ga ni da ajamina karkatacce, tunda kin san ban yi lekol ba, ban san boko ba.

Shekarar da Najeriya ta rufe iyaka, goro ya bushe mana a kwando, ita ce shekarar da Rabi 'yarmu ta ɗauke mu daga Jugu zuwa Paraku, wai mu sha iska a fuwar, bikin baje kolin nan na shekara-shekara. A can kika ga lilon ƙarfen nan mai kama da jirgin ƙasa, wanda yake hawa sama a hankali ya sulmiyo da mutane suna ihu. Kika ce sai mun hau. Ke da ko zemijan, mai babur ɗin haya, ba kya yarda ya yi gudu da ke.

Mai lilon ya ce sai na cire hula, kada iska ta ɗauke. Na ce ni jikan fataken goro ne, ba a taɓa ganin tsakiyar kaina a kasuwa ba. Kika ce, "Alhaji, furfura ce kawai, kowa yana da ita." Na kafe. Kika ɗaure gyalenki tamau kika hau, kujerar gefenki babu kowa.

Da jirgin ya kai ƙololuwa ya saki kansa, sai na ji daga sama: "Salifuuu!"

Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ba ki taɓa kama sunana ba. Ko ɗan maƙwabta mai sunana, Mai Sunan Alhaji kike ce masa. Ran nan kika kwarara shi a gaban duk Paraku.

Kika sauko kina dariya har da hawaye. Ni kuwa na ɗaure fuska, na ce kin zubar mini da girma. Har muka koma Jugu ban yi miki magana a mota ba. Ba ki sake faɗin sunan ba, ko a gadon asibiti.

Hajiya, ƙarya na yi. Daɗi na ji. Na yi ta jira ki sake kuskuren nan.

Ni ma ban taɓa kiran naki ba. Na haddace kakannin unguwarmu kaf, ana zuwa tambayata asalin kowa, amma sunanki ko a nan hannuna ya ƙi rubuta shi.

Rabi ta ce lilon ya dawo bana. Ta ce likita ba zai so ba, saboda hawan jinina. Na ce ba shawara nake nema ba.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata makwancinki, ya sa ki yafe mini shirun motar nan.

Gobe bayan asuba zan shiga motar farko zuwa Paraku. Zan miƙa wa mai lilon hulata da hannuna, in ce a bar kujerar gefena babu kowa. In mun kai sama, ki saurara.

Naki,
Salifu