Kakin Da Na Shanya Ranar Kasuwa

Zuwa ga Mai Unguwarmu, a nan garin Isa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'ar da Allah ya ɗora maka. Sunana Rabi'atu, baƙuwar da ke haya a gida mai shuɗiyar ƙofa bayan masallaci, wadda yanzu kowa ke kira matar sojan nan. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka, kowane zuwa sai a ce maganar ta maza ce, in bari maigidana ya zo. Maigidana yana bakin aiki wajen Kamarawa, ni kaina ban san ranar shigowarsa ba. Shi ya sa na rubuto, ina roƙon a karanta a gaban dattawan da suka yanke mana hukunci ba su ji ta bakina ba.

Na farko, laifina, don ba zan ɓoye shi ba. Mun sauka garin nan bayan babbar sallah da yara uku: Hafsat, Bashir da autarsu Ummi. Ƙaurarmu ta biyar ke nan tun haihuwar Hafsat. Duk inda muka zauna a baya bariki ne, a bariki kuwa ranar wanki kowace igiya kaki ce, ba mai ɗaga kai ya kalla. A nan babu ɗakunan iyali, dole muka kama haya cikin gari. A makonmu na uku maigida ya shigo hutun kwana biyu. Na wanke kakinsa, na shanya a igiyar sama, wadda ta zarce katanga, don ya bushe da wuri. Ranar kasuwa ce, duk wanda ya bi layin ya gani.

Inna Ige, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce, "Ke ɗiyata, mi kinka yi haka? Kaki bisa igiya ranar kasuwa? Masu kai ma mutanen daji labari hwa na nan cikin gari!" Nan take na sauke shi, ko ɗigar ruwa bai daina ba. Wallahi ban san ba a yi ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini, har mai gidan da ya miƙa mana makulli.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Ɗan garuwa ya daina tsayawa a ƙofarmu. Matan da suka aiko mana da tuwo da fura ranar da muka sauka sun hana 'ya'yansu shigowa. Malamin Islamiyya ya ce yarana su ɗan zauna a gida har ƙura ta lafa. A makarantar boko malama ta tambayi Hafsat sana'ar babanta, ta ce albasa yake sayarwa. Yarinyar da a da ba a gama tambaya take cewa soja ne! Daga ƙarshe mai gidan haya ya zo, kansa a sunkuye, ya ce dattawa sun zauna a zaurenka an ce mu tashi kafin ƙarshen wata.

Na uku, ban raina tsoronku ba. Inna Ige ta ba ni labarin yadda ta baro gonarta da rumbunta a ƙauye ba shiri, kuma na san ba ita kaɗai ba ce. Amma ranka ya daɗe, mai kakin nan shi ne ke tsaye cikin rana a hanyar Sabon Birni don motocin kasuwa su wuce lafiya. A ce shi yana can yana tsaron hanyarku, 'ya'yansa kuma ba su da wurin zama a garinku? Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In ɗaure kwanuka in kwance, in sake ɗaurewa. Mashin ya wuce, in leƙa. Ko maigidan ban gaya wa ba, don mutumin da ke riƙe da bindiga ba a raba masa hankali.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa ni rubutu: Hafsat. Tana aji shida, bana za ta zauna jarrabawar shiga sakandare. Ƙaurar da ta wuce ta ci mata shekara guda, in muka tashi yanzu ta sake maimaitawa. Wannan yarinya ba ta fitar da kayanta daga buhun bakko. Duk gidan da muka sauka, a ciki take ɗauka, a ciki take mayarwa, wai ai tashi za a yi. A gidan nan ne Inna Ige ta miƙo mata reshen zogale ta kan katanga, ta dasa a bakin makwarari. Washegari na tarar ta jera kayanta a kan kantar ɗaki, ta naɗe buhun ta tura ƙarƙashin gado. Na koma madafi na yi kukana.

Ga roƙona. A kira ni, ko da a gaban Inna Ige ne, a ji ta bakina. A bar mu a gidan nan, ko da zuwa gama jarrabawar Hafsat ne, a kuma mayar da yara Islamiyya. Sannan duk iyalin soja da zai sauka unguwar nan gaba, a samu dattijuwa ta shiga ta gaya wa matar abin da ake yi da wanda ba a yi tun ranar farko. Ni dai na koya. Daga yanzu a cikin ɗaki zan riƙa shanya kakin, a kan kujera, labule a sake.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare garin nan da ƙauyukansa, ya mayar da kowane manomi gonarsa lafiya.

Zogalen ya yi toho. Da safen nan Hafsat ta tsaya da buta a hannu ta tambaye ni ko ta ci gaba da ba shi ruwa. Na ce ta jira in tambayi Mai Unguwa.

Wassalam.

Rabi'atu, mahaifiyar Hafsat.