Inbatocin Mahauta

Assalamu alaikum Yaya Rafi'u,

Ina gaisuwa, ina gaida matarka Munira. Tunda ba ka ɗaukar wayata na ba Inna wannan takarda.

Ofishinmu ne ya tura ni duba inbatocin solar, wato na'urorin da ke ba firijin mahautan unguwar Asokore Mampong wuta, a ga ko wani zai iya kutse cikinsu ta intanet. Na tarar duk kalmar sirri ɗaya suke amfani da ita, wadda suka zo da ita daga masana'anta. Ina cikin trotro, motar haya, a tashar Race Course na kutsa cikinsu da wayata. Da na so, da na kashe su gaba ɗaya.

Sai da na kai rahoto na ga lambar wayarka a jikin akwatin inbatar. Ban san aikinka ba ne. Yau na ji kamfanin da ke ba ka aiki ya dakatar da kai. Kai ka fara riƙe min hannu a kan sukurdireba, Yaya. Abinci ya ƙi shiga.

Ƙanwarka,
Kausara

Wa'alaikumussalam Injiniya,

Sannu da aiki. Kin san me ya sa na bar kalmar sirrin haka? Alhaji Kimba mahauci ba ya karatu. In firijinsa ya tsaya kirana yake, in shiga ta intanet in gyara daga nan gida Krofrom nama bai lalace ba. Wane ɓarawo ne ya san da unguwar Zongo? Ki ce wa oganki masana'anta ce ta hana a canza. Maganar ta mutu.

Rafi'u

Yaya,

Allah ya huci zuciyarka. Na rubuta abin da ka ce, na yaga. Ba gaskiya ba ne: ana canzawa, na gwada. Kuma mai kutse ba sai ya san Zongo ba, na'ura ce ke laluben duk ƙofar da ke buɗe. In ta faɗo kanmu ana gobe Layya, naman mutane fa?

Na roƙi oga ya shaida wa kamfani in an gyara a mayar da kai. Ya ce zai gani. Bai yi alkawari ba, ba zan ce ya yi ba. Ka yafe min.

Kausara

Kausara,

Ban huce ba tukuna. Ki zo Asabar da kwamfutarki, mu fara da na Alhaji Kimba. Wannan karon ke za ki riƙe min hannu. Munira ta ce kar ki ci komai a hanya.

Yayanki